ALƘALI NE, KUMA SHI NE SARKIN YAƘIN ABOKAN GABA: Yadda Ake Tsai Da Adalci A Fagen Daga Na Wasan Dungeons & Dragons

Daga Wakilinmu

A ko'ina cikin duniya, in za a kara tsakanin ɓangarori biyu, akan nemo wani mutum na uku wanda ba shi da riba ba shi da hasara, a naɗa shi alƙali. Haka abin yake a ƙwallon ƙafa, haka kuma yake a dambe da kokawa. To, amma akwai wani wasa da aka ƙago a ƙasar Amurka a cikin shekarar 1974, wanda a cikinsa mutum guda ne alƙali, shi ne mai jan ragamar rundunar abokan gaba, kuma shi ne ya zaɓi filin dagar tun kafin kowa ya iso. Duk da haka nan, daga hannun wannan mutumin ne sauran 'yan wasa suke sa ran a yi musu adalci. Sunan wasan Dungeons & Dragons, watau kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni masu aman wuta.

Ga yadda ake yin sa a taƙaice. Mutane huɗu ko biyar sukan zauna kewaye da tebur, kowannensu ya ƙirƙiri wani jarumi na almara, ya rubuta sunansa da ƙarfinsa da makamansa a takarda. Wannan ya zama mayaƙi mai sulke, wancan mai sihiri, wani ɓarawo mai sanɗa, wani kuwa mai warkar da raunuka. Mutum ɗaya shi kaɗai ba ya ƙirƙirar jarumi. Shi ne alƙalin wasa, wanda zai bayyana musu inda suke, ya yi magana da bakin duk wanda suka gamu da shi, ya kuma yanke hukunci a kan abin da ya biyo bayan kowane mataki da suka ɗauka. In ana shakkar ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa ƙwaya. Ƙwayar nan dangin ta ludo ce, sai dai wadda aka fi amfani da ita fuska 20 gare ta.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan wasa ne kawai, me za a rasa a ciki? Sai a tuna cewa labarin wasan ba a gama shi a zama ɗaya. Akan yi watanni, wani lokaci ma shekaru, ana haɗuwa mako-mako ana ci gaba daga inda aka tsaya, ɗan wasa yana rainon jaruminsa daga matakin farko har ya ƙasaita. Ran da jarumin nan ya mutu a fagen fama, duk wahalar da aka yi masa ta bi shi. In ɗan wasan ya gamsu cewa gangancinsa ne ko rashin sa'a, sai ya yi dariya ya ɗauko sabuwar takarda. In kuwa ya zaci alƙali ne ya zalunce shi, to, ba jarumin kaɗai aka binne ba, har da amanar da ta haɗa mutanen a teburin.

TUSHEN ALƘALANCIN

Wannan matsayi na alƙali ya girmi wasan da shekaru 150. A cikin shekarar 1824 wani matashin hafsan sojan ƙasar Furusiya, wadda wani ɓangarenta yake cikin Jamus ta yanzu, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan hafsoshi wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, ana ce da shi Kriegsspiel. Ɓangarori biyu sukan rubuta umurninsu su miƙa wa alƙali, shi kuma ya motsa rundunonin, ya jefa ƙwaya, ya gaya wa kowane ɓangare abin da idonsa zai iya gani kawai. Rundunar Furusiya ta karɓi wasan don horad da hafsoshi, bayan ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 kuma sai wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayonsa. A shekarar 1876 wani hafsan mai suna Julius von Verdy du Vernois ya ce dokokin sun yi yawa, gara a rage su a bar gogaggen alƙali ya yi hukunci da hankalinsa. Tun daga ranar nan gardamar ta tashi: shin doka da ƙwaya ne suka fi adalci, ko kuwa hankalin alƙali?

Daga barikin soja wasan ya shiga gidajen farar hula. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga dokokin yaƙi da 'yan sojojin dalma a shekarar 1913. A shekarar 1971 Gary Gygax, mutumin garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, tare da Jeff Perren, suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙi irin na zamanin takobi da mashi. Wani saurayi a jihar Minnesota mai suna Dave Arneson ya ɗauki wani abu daga cikinsu, ya mai da wasan ya zama kowane mutum jarumi ɗaya yake riƙe da shi maimakon runduna. Da Gygax da Arneson suka haɗa kai sai aka sami Dungeons & Dragons, wanda kamfanin TSR ya buga kwafi 1,000 a karon farko, ana sayar da kowane a kan dala 10. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a shekarar 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Gygax ya mutu a 2008, Arneson ya bi shi a 2009.

Abin lura a nan shi ne, alƙalin Kriegsspiel yana tsakanin ɓangarori biyu ne. Na Dungeons & Dragons kuwa an damƙa masa ɗaya ɓangaren gaba ɗaya, kuma babu iyaka ga yawan dodannin da zai iya turowa. In ya so kashe jarumai a minti biyar, babu dokar da za ta hana shi. Saboda haka cin nasara a kansu ba abin alfahari ba ne ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya shirya faɗan da zai sa zukata su buga, a ga mutuwa kusa, amma wanda masu dabara za su iya fita daga cikinsa.

LISSAFI KAFIN FAƊA

Alƙali mai adalci yakan fara da lissafi. A bugu na uku na wasan, wanda ya fito a shekarar 2000, aka shigo da wani ma'auni da ake liƙa wa kowane dodo don a nuna haɗarinsa. A bugu na biyar, na shekarar 2014, ma'anar ma'aunin ita ce jarumai huɗu da suka huta, waɗanda matakinsu ya yi daidai da lambar dodon, ya kamata su iya kashe shi ba tare da wani ya mutu ba. Littafin jagorar alƙalai na wannan shekara ya kasa faɗa gida huɗu: mai sauƙi, matsakaici, mai wuya, da mai kisa. Ga jarumi ɗan matakin farko an sanya maki 25, 50, 75 da 100 bi da bi. Ke nan in su huɗu ne, faɗan da makinsa ya kai 400 ya shiga sahun mai kisa.

Bari mu ɗauki misali. Akwai wani ɗan ƙaramin mugun halitta da suke kira gobilin, wanda makin ransa 7 ne kacal, darajarsa kuma maki 50. Sabon alƙali zai ce guda huɗu ai maki 200 ne, matsakaicin faɗa ke nan. Alhali kuwa littafin na 2014 ya ce in abokan gaba sun kai uku zuwa shida sai a ninka makin biyu. Sai 200 ta koma 400. Gobilin huɗu da ake rainawa sun zama faɗa mai kisa. Irin wannan kwanton ɓauna na gobilin huɗu shi ne ma ya buɗe labarin Lost Mine of Phandelver, wanda aka sa a cikin akwatin masu koyo na shekarar 2014, kuma ya yi suna wajen kayar da sababbin jarumai tun ba su san hagu da dama ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mu ce mai sihiri ɗan matakin farko yana da makin rai 8, lambar kariyarsa 12. Gobilin yana ƙara 4 a kan abin da ya jefa, don haka in ƙwaya ta nuna 8 ko sama ya same shi, watau sau 65 cikin 100. Kowace sara ko kibiya tana cire maki 3 zuwa 8. In dukkan su huɗun suka nufe shi a zagaye guda, damar biyu ko fiye su same shi ta haura kashi 85 cikin 100, sara biyu kuwa galibi sun isa su kwantar da shi. Mai yiwuwa ne ɗan wasan bai ma samu ya ɗaga hannu ba.

SARKIN YAWA

Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma lissafi ya gaskata su. A shekarar 1916 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya nuna cewa a yaƙin da kowa yake iya auna kowa, ƙarfin runduna yana hawa ne fiye da yadda adadinta yake hawa: in ka ninka mayaƙa biyu, ƙarfinka ya ninku huɗu. A teburin wasa ma haka ne, domin a kowane zagaye, wanda aka ƙiyasta daƙiƙa 6 ne a cikin labarin, kowa sau ɗaya yake samun damar aikata abu. Ɓangaren da ya fi yawan hannuwa shi ya fi yawan sara.

Wannan ƙa'ida tana cin alƙali ta fuska biyu. In ya tara ƙananan dodanni da yawa, sai su murƙushe jarumai. In kuma ya kawo babban dodo guda ɗaya tilo, wanda ya kwana yana tsara masa kirari, sai jarumai huɗu su yi masa taron dangi, su kai masa hari huɗu kafin ya rama ɗaya, ya faɗi ba tare da ya tsorata kowa ba. Don maganin haka ne bugu na biyar ya ba manyan dodanni damar yin wasu ayyuka a tsakanin juyin jarumai, ya kuma ba su ikon ture sihirin da ya kama su, galibi sau uku a yini. Gogaggun alƙalai kuma sukan raka babban dodo da 'yan barandansa, don hankalin jarumai ya rabu.

Babban dodo guda yana da wani haɗarin dabam. Akwai wani basamude mai kulki a cikin littafin dodanni na 2014, makin ransa 59, wanda dukansa guda yake cire kimanin maki 13. In ƙwaya ta nuna 20, abin da yake faruwa sau ɗaya cikin 20, sai a ninka ƙwayoyin rauni, dukan ya kai kimanin 22. Dokar wasan ta ce in abin da ya rage na rauni bayan makin jarumi ya ƙare ya kai yawan makinsa na asali, ya mutu nan take, babu jinya. Mai sihirinmu mai maki 8 ya tafi ke nan da duka ɗaya. Alƙalin da ya san aikinsa yakan duba mafi munin abin da dodo zai iya yi, ya gwada shi da mafi raunin jaruman, kafin ya sako shi.

Ya kamata a sani cewa ma'aunin nan jagora ne kawai. Su kansu mawallafan wasan, da suka sake fitar da littafin alƙalai a shekarar 2024, sun mai da matakan faɗa uku, suka kuma cire dokar ninka maki. Lamba ba ta san ko jarumai sun gaji ba, ba ta san ko filin rami ne ko tudu ba, ba ta kuma san ko 'yan wasan tsofaffin hannu ne ko jiya suka fara ba.

GAJIYA MA ABOKIN GABA CE

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a yi faɗa ɗaya tak a yinin labari, sa'an nan a bar jarumai su kwanta. A dokar wasan, hutun awa 8 yana mayar wa jarumi da makin ransa da sihirinsa. In 'yan wasa sun san faɗa ɗaya ne, sai su zazzage duk abin da ke cikin jakarsu a zagayen farko, dodo ya ƙone kurmus. Littafin 2014 ya gina lissafinsa ne a kan cewa za a yi faɗa shida zuwa takwas, matsakaita ko masu wuya, kafin a kai ga dogon hutu. Mai sihiri ɗan matakin farko sau biyu kawai yake iya sakin babban sihirinsa kafin ya huta. Tambayar da take sa wasan armashi ita ce: in saki yanzu, ko in ajiye don abin da ke bayan ƙofar can? Alƙalin da ya sa lokaci ya ƙure wa jarumai, misali a ce za a kashe wanda aka sace in rana ta faɗi, ya sami faɗa mai wuya ba tare da ya ƙara ko dodo ɗaya ba.

Haka nan kuma filin daga da kansa makami ne. Gada mai ƙunci a kan kogi, ko duhun kogo, ko maharba a kan ganuwa, kowannensu yana sauya lissafi. Adalci a nan shi ne abin da dodo zai amfana da shi, jarumi ma ya iya amfana da shi in ya lura. In akwai igiyar da za a yanke gada ta faɗi, a ambace ta tun wajen bayyana wurin.

GARGAƊI DA HANYAR TSIRA

Ba dole ba ne kowane faɗa ya zama wanda za a iya ci. Duniyar da kullum abokin gaba daidai yake da ƙarfin jarumi, ba ta da daɗin zama a cikinta. Sharaɗin shi ne a yi gargaɗi. Kafin jarumai su gamu da abin da ya fi ƙarfinsu, su ga sawunsa, su ga ƙasusuwan waɗanda suka riga su, su ji mutanen ƙauye suna ba da labarinsa cikin rawar murya. In sun ga duk wannan suka ce sai sun shiga, to, wanda ya ce zai haɗiye gatari sai a sakar masa ƙota. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutuwar da ta faɗo daga sama, ba alama, ba zaɓi.

Gygax da kansa ya rubuta wani labari mai suna Tomb of Horrors don wata gasa da aka yi a shekarar 1975, aka buga shi a 1978. Cike yake da tarkuna masu kisa nan take, kuma har yau ana gardama a kansa. Masu kare shi suna cewa an rubuta shi ne don gwada waɗanda suke taƙama da ƙwarewa, kuma duk wanda ya shiga ya san abin da ya taka. Darasin ke nan: tsanani yana zama adalci in an yi yarjejeniya a kansa tun farko. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa a yau sukan keɓe zama guda kafin a fara labari, a tattauna ko mutuwar jarumi abu ne da zai riƙa aukuwa, ko kuwa sai da babban dalili.

Bugu da ƙari, a bar ƙofar gudu da ta sulhu a buɗe. A bugunan farko jarumi yakan sami mafi yawan makin ci gabansa ne daga dukiyar da ya fito da ita, don haka mai wayo yakan kauce wa faɗa in da hali. Dokokin masu koyo na shekarar 1981, waɗanda Tom Moldvay ya tace, sun ba kowane dodo lambar ƙarfin zuciya. Da an kashe na farko a cikinsu, da kuma sa'ad da rabinsu suka faɗi, sai alƙali ya jefa ƙwaya biyu ya ga ko za su tsaya ko za su ranta a na kare. Wannan doka tana tuna wa alƙali cewa kerkeci mai jin yunwa nama yake nema ya gudu da shi, ɗan fashi kuma kuɗi yake so, ba shi da niyyar mutuwa a kan hanya. Sojan da aka horar shi ne zai nemi mai sihiri ya fara da shi. In kowane abokin gaba ya yi abin da ya dace da halinsa da iliminsa, ba da abin da alƙali ya karanta a takardun jarumai ba, 'yan wasa ba za su ji an yi musu maguɗi ba.

ABIN DA KE BAYAN SHAMAKI

Saura babbar gardama. Alƙalai da yawa suna kafa ɗan shamakin kwali a gabansu don ɓoye taswira da bayanansu, a bayansa kuma suke jefa ƙwaya. To, in ƙwaya ta nuna lambar da za ta kashe jarumin da aka yi shekara ana raino, ya halatta alƙali ya faɗi wata lambar dabam?

Masu cewa ya halatta suna kafa hujja da cewa an taru ne don a ji daɗi, bai kamata ƙwaya marar hankali ta ɓata daren mutum biyar ba. Littafin alƙalai na Gygax na shekarar 1979 ya ba da damar cewa in ɗan wasa ya yi duk abin da ya kamata amma mummunar sa'a ta kashe shi, alƙali yana iya sauya mutuwar da suma ko wani mugun rauni. Masu cewa bai halatta ba kuwa suna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da 'yan wasa suka gane ana tausaya musu a ɓoye, duk nasarorin da suka yi a baya sun zama kyauta, tsoro ya fita daga faɗa, wasan ya yi lami. Saboda haka wasu alƙalai a tsakiyar tebur suke jefa ƙwayarsu kowa yana kallo.

A ganinmu, alƙalin da ya yi aikinsa tun a gida ba kasafai zai buƙaci ƙarya a tebur ba. In ma ya ga ya yi kuskuren lissafi ana tsakiyar faɗa, akwai hanyoyin gyara a bayyane. Abokan gaba suna iya kama jarumai su nemi fansa maimakon su kashe su, ko su kwashe ganima su tafi. Dokar bugu na biyar ma ta yi tanadi: jarumin da makinsa ya ƙare ba ya mutuwa nan take sai a yanayin da muka ambata. Yakan jefa ƙwaya a kowane zagaye, 10 ko sama nasara ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. A tsakanin nan abokansa suna da damar su kai masa ɗauki, kuma zagayen nan biyu ko uku su ne sukan fi tsayawa a zukatan 'yan wasa. In kuwa kuskuren babba ne, babu abin kunya alƙali ya ajiye littafi ya ce, jama'a, na yi kure, ku zo mu gyara.

Tun da shirin Critical Role ya fara nuna wasan kai tsaye ta intanet a shekarar 2015, wasan kwaikwayon Stranger Things kuma ya sa shi a bakin duniya a 2016, dubban mutane sun ɗauki kujerar alƙali ba tare da wani ya koya musu ba. Shawarar da tsofaffin hannu suke ba su ba ta da tsawo. Ka ƙidaya hannuwan da ke kowane ɓangare kafin ka buɗe faɗa. Ka nuna haɗari tun daga nesa, ka bar hanyar komawa. Hukuncin da ka yi wa dodo yau, shi za ka yi wa jarumi gobe. Bayan an tashi kuma ka tambayi 'yan wasanka yadda suka ji, ka saurari amsar ko da ba ta yi maka daɗi ba, domin su ne za su yanke shawarar ko za su dawo mako mai zuwa.